Igiya Uku da Anini Biyu

Kafin hutun da na je gida a kakar shekarar da aka ba ni muƙamin hafsa, na yi imani cewa girman soja a ƙofar bariki yake tsayawa. A ganina abu ne na jikin riga. Mutum ya tuɓe kaki ya rataye, ya sa 'yar shara da hula, sai ya koma ɗan wance kuma ƙanen wane, kamar yadda ya fito daga gida. Ban ɗauki wannan a matsayin ra'ayin da ake karewa da hujja ba. Haka kawai na san duniya, kuma na haura shekara talatin ban ga abin da ya ƙaryata ni ba.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Yayana shi ne ɗan fari, ni ne auta, tsakaninmu mata ne. Shi ya fara shiga soja, kuma shi ya zo Gumel da kansa ya tafi da ni wurin ɗaukar kurata, lokacin da na gama sakandare nake zaune ba aikin yi. Tun ina ƙarami ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Nakan cire takalmi in durƙusa in ce ina kwana, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri, ya ce, "Auta, an tashi?" Da muka zama sojoji babu abin da ya sauya. Barikinmu ba ɗaya ba ne, sai a gida muke haɗuwa. Shi saje ne mai igiya uku a hannun riga, ni kofur mai biyu. Sai daga baya na lura cewa a duk waɗannan shekaru gida da bariki bakinsu ɗaya a kaina, kowanne ƙasa da shi ya ajiye ni. Ke nan imanin da nake da shi ba a taɓa gwada shi ba.

Karatun jami'a ma shi ya fara kawo maganarsa. Ya ce kaina na ɗaukar takarda, kada in tsufa a bakin ƙofa da bindiga kamar shi. Na nemi izini, na samu gurbin karatun ƙarshen mako a wata jami'a da ke garin da barikinmu yake, na karanci tarihi. Ina zama a aji cikin farin kaya tare da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba, suna kirana Oga Soja, suna ajiye mini kujera a gaba don kada malami ya tambaye su. An sha sauya mini wurin aiki ana tsakiyar zango, in dakatar da karatun, in dawo in tarar abokan ajina sun wuce. Da na gama, na nemi shiga sahun hafsoshi ta ƙofar da aka buɗe wa ƙananan sojoji masu digiri, aka ɗauke ni.

A makarantar horon hafsoshi abin da ya fi ba ni wahala ba gudu ko fareti ba ne, waɗannan na saba da su. Koyon zama ne. An koya mana cin abinci da cokali mai yatsu da wuƙa, da yadda ake karɓar gaisuwar soja ba tare da sunkuyar da kai ba, an kuma ja mana kunne kada mu koma kan bencin tsofaffin abokanmu ana raha. Na yi duk abin da aka ce, ina ɗauka a raina cewa wannan tsarin cikin waya ne, ba zai bi ni Gumel ba. Ranar da aka cire mini igiyoyi aka maƙala mini anini biyu a kafaɗa, Yaya yana bakin aiki a wani wuri mai nisa, bai samu zuwa ba. Ya kira ni a waya, ya ce Allah ya sa alheri, ya taya riƙo. Muryarsa ta yi mini kamar ta mai karanta sanarwa, amma na ɗora laifin a kan layi.

Yakan ɗauki hutunsa ne lokacin girbin riɗi, domin yana da gona a wajen Gagarawa. Na roƙi a ba ni nawa a daidai lokacin. Na iso Gumel da hantsi, na tarar da Inna a rumfar tsakar gida tana tsince zoɓo. Ba ta cika lafiya ba a shekarar, ƙafafunta sun kumbura, amma bakinta na nan yadda na san shi. Bayan mun gaisa ta ce in nuna mata abin da aka ba ni. Na ciro rigar daga jaka na miƙa mata. Ta juya hannun rigar tana dubawa, ta shafa wurin da alamar ɗinki ta rage.

"Ina igiyoyin?"

"An cire, Inna. Yanzu anini ne, ga su nan a kafaɗa."

"Anini?" Ta ɗago ta dube ni. "Duk karatun nan da ka yi, sai suka karɓe igiya suka ba ka anini? Igiya ko akuya ka ɗaure da ita. Anini tun ina budurwa ko goro ba ya saye."

Na yi dariya, na yi mata bayanin cewa mai anini ko ɗaya ne ya fi mai igiya uku. Ta ci gaba da tsintar zoɓonta. Can ta ce, "Har wancan?" Inna ba ta faɗin sunan Yaya saboda kunyar ɗan fari, wancan take ce masa. Na ce a wurin aiki ne kawai. Ta ce, "To." Na tambaya ko yana ciki. Ta ce ya fita tun da sassafe, ya tafi Gagarawa duba gona, ya kuma san yau zan iso.

Na jira shi har la'asar, har magariba. Matarsa ta aiko mini da tuwo, ta ce ya bugo ya ce zai kwana a can. Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In shiga ɗaki in fito, in je bakin titi in tsaya ina kallon masu babura, in dawo. Maƙwabta suna ta shigowa yi mini murna, wasu har da cewa ranka ya daɗe cikin zolaya, ni kuwa hankalina na kan ƙofa.

Washegari na ari babur ɗin wani maƙwabcinmu na nufi Gagarawa. Gonaki duk an yanke riɗi an jingina dammuna a tsaye suna shan rana. A kan hanya na riƙa tsara yadda za ta kasance: zan kashe babur daga nesa, in cire takalmi, in durƙusa kamar kullum, shi ke nan maganar ta mutu. Na maimaita wannan a raina har na fara tambayar kaina dalilin maimaitawar. Abin da mutum ya saba yi tun yana yaro ba ya bukatar shiri. Na tarar da manomin da ke kula masa da gonar shi kaɗai. Ya ce Saje ya kwana nan, amma ya wuce Maigatari tun da asuba, wai zai ga wani dillali kan maganar raguna, tun da yau Alhamis ce.

Na juya, na ratsa Gumel ban tsaya ba, na miƙe arewa. Maigatari ranar kasuwa ba wurin neman mutum ba ne. Manyan motoci sun jeru tun daga bakin gari, raƙuma da shanu sun cika kara, ga 'yan canji, ga masu babura suna kutsawa ta ko'ina. Na san dillalin, wani dattijo ne mutumin Damagaram da Yaya ya daɗe yana hulɗa da shi. Na same shi a rumfarsa yana dafa shayi a ƙaramar buta.

"A'a, ga ɗan lakwal, ga ɗan boko!" in ji shi. "Kai ne aka ce ka yi karatu har ka taka wanka Saje? Zamna, zamna. Yanzun nan ya tashi, ga kofinsa nan bai huce ba."

"Ina ya nufa, Baba?"

"Ya ce wajen kawunku, can Sule Tankarkar. Ni ma na yi mamaki. Ko ragon bai taya ba." Ya miƙo mini shayi, yana dubana ta gefen ido. "Mu can wajenmu, jandarma in ƙanensa ya fi shi, sai ya nemi a kai shi Agadas. Ku nan ƙasarku ba ta da nisan ɓuya."

Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Na tambaye shi ko Yaya ya yi maganata. Ya ce ya yi, kuma da fara'a, har ya nuna wa mutanen rumfar hotona a waya cikin kayan hafsa. Sai da wani ya ce ai ga ƙanen naka an gan shi jiya a Gumel, sannan ya ajiye kofi.

Wannan labarin ya fi rikita ni fiye da a ce fushi yake yi. Da fushi ne, na san yadda ake ba yaya haƙuri. Na zaga kasuwar ba tare da ina neman komai ba, na tsaya wurin masu kanwa, na tsaya wurin masu tabarmi, na taya wata hula da ba ni da niyyar saye. Na yi tunanin in bi shi a lokacin, na fasa. Na hau babur na tayar, na sake kashewa. A ƙarshe na koma Gumel.

Inna ta ga na shigo ni kaɗai, ta bari na sha ruwa tukuna.

"Gudunka yake yi," ta ce.

"Me na yi masa, Inna?"

"Ni na san sha'anin soja? Ni dai abin da na sani, hutunsa ya kusa ƙarewa, naka ma haka. Ba na so ku bar garin nan ban gan ku zaune kan tabarma ɗaya ba. Ƙafafun nan nawa ba su yi mini alkawarin wata kakar ba."

Ban taɓa jin ta yi irin wannan magana ba. Na ce gobe zan je in taho da shi.

Kawu ƙanen Inna ne, yana zaune a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, yana noma yana kiwo. Mutum ne mai barkwanci, mu kuwa 'ya'yan 'yar'uwarsa ba ya raga mana. Na isa da hantsi. Aka ce suna bayan gari suna kaɗe riɗi. Tun daga nesa na hango su a gindin wani gawo, an shimfiɗa babban tamfol, ana ɗauko dammuna ana kifawa ana bugawa da sanda, ƙwayar tana zubowa kamar yayyafi. Yaya yana cikinsu da wata tsohuwar riga, kansa ba hula, ya juya mini baya. Na ga furfura a ƙeyarsa wadda ban san da ita ba.

Na kashe babur, na yi sallama. Kawu ya amsa da ƙarfi. Na gaishe shi tukuna yadda ya kamata, sannan na matsa inda Yaya yake, na cire takalmi, na durƙusa.

"Barka da aiki, Yaya."

Ya saki damin da ke hannunsa. Ya haɗe dugadugansa, ya miƙar da hannuwansa a gefen cinya, ya ɗaga haɓa, ya ƙame. Soja in ba ya cikin kaki ba ya sarawa da hannu, ƙamewa yake yi, kuma ba ya sakin jiki sai hafsan ya sallame shi. Idanunsa suna kallon sama da kaina, can wajen gonaki.

"Barka da zuwa, Yallaɓai."

Masu bugun riɗi suka tsaya. Ina ƙasa, yana tsaye. Na jira ya yi dariya, ya ce tashi Auta, wasa nake yi. Bai yi ba.

"Yaya, don Allah," na ce.

Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ikon Allah," in ji Kawu. Ya jingina da sandarsa yana kallonmu. "Yau ga turmi ga taɓarya, ba mai daka. To wa zai fara gajiya? Ku faɗa mini in sa a kawo muku inuwa."

Mutane suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Kawu ya matso kusa da Yaya.

"Kai, ƙanenka ne fa. Kai ka riƙa goya shi kana kai shi kallon jirgin ƙasa. Wane irin yallaɓai kuma a gonata?"

"Kawu, ba shi na tsaya wa ba. Abin da aka ɗora masa na tsaya wa."

"Ina abin? Ni 'yar shara nake gani, ita ma guga bai kama ta ba."

"Ba a tuɓe shi da riga."

Kawu ya juyo gare ni. "To kai mai digiri, tashi mana."

"Ba zan tashi ba sai ya amsa gaisuwata, Kawu."

"Ya amsa ai. Ya ce barka da zuwa."

"Ba ni ya amsa wa ba."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na san dai gwiwoyina sun fara zafi a kan ƙasar, kuma na ga cinnaku suna hawa ƙafar Yaya, bai motsa ba. Gumi yana gangaro masa ta gefen kunne. Mutum ne da ya doshi hamsin a lokacin, ga ciwon baya da ya samo a wurin aiki. Na san shi, na san zai iya tsayuwar nan har azahar, ya faɗi a wurin kafin ya saki jiki da kansa. Na sake gwadawa. Na ce, "Yaya, ka huta." Na faɗa da muryar roƙo, ina durƙushe. Ba umarni ba ne, shi ma ya san ba umarni ba ne, don haka bai ji ba.

A nan na fahimci cewa hanya ɗaya ce ta rage, kuma shi ya riga ni saninta, shi ya sa ya yi ta zagaya garuruwa. Duk wanda ya yi nasara a cikinmu, akwai abin da za a rasa. In na dage, zan bar yayana tsaye a rana cikin cinnaku a gaban ma'aikatan gona. In na sallame shi, to na karɓi abin da ya kira ni da shi.

Na miƙe. Na kakkaɓe gwiwoyina, na sa takalmi, domin hafsa ba ya ba da umarni ba takalmi. Na tsaya sosai a gabansa. A ranar na fara sanin cewa na ɗan fi shi tsawo. Na ce, "Saje," sannan na faɗi kalmomin nan biyu na Turancin bariki da ake sallamar soja da su, da irin muryar da aka koya mini.

Ya saki kafaɗunsa. Ya sunkuya ya kaɗe cinnakun daga ƙafarsa, ya ɗago, ya miƙo mini hannu. Na kama. Tafin hannunsa duk ƙaiƙayin riɗi ne.

"Ya hanya?" ya ce. "Ya ka baro Inna?"

"Tana nemanka."

"To, bari mu ƙarasa wannan layin."

Kawu ya girgiza kai ya ce shi dai gara shanu, in babba ya tsufa ƙarami ya karɓi gaba ba wanda ke yi wa wani tsayuwar gawa. Aka koma bugu. Na naɗe hannun riga na ɗauki sanda, ba wanda ya hana ni. Da rana ta take aka kawo fura da nono, muka sha a ƙwarya ɗaya, muna maganar yadda riɗin bana ya yi da kuma maganin da ya kamata a sauya wa Inna. Ya yi hira sosai, har ya ba Kawu labarin wani kurtu da ya yi barci a tsaye. Sai dai duk tsawon hirar bai kira ni da kowane suna ba. In zai yi mini magana sai ya bari mun haɗa ido.

Na sha juya abin a raina cikin shekarun da suka biyo baya. Wani lokaci nakan ga girmamawa ce tsantsa, irin ta mutumin da ya ba aikin nan ƙuruciyarsa, ya horar da kurata masu yawa a kan wannan ƙa'ida, ba zai iya karya ta don ɗan'uwansa ba. Wani lokaci kuma nakan ga akwai ciwo a ciki, ciwon wanda ya nuna wa yaro hanya yaron ya wuce shi, ya rasa inda zai ajiye abin sai a cikin tsayuwar. Ban sani ba ko shi kansa ya bambance. Ban taɓa tambayarsa ba, kuma ban tabbata rashin tambayar ladabi ne ko tsoron amsa ba. Akwai kuma tambayar da ta shafe ni: da na ji muryata ta fita daidai, ba rawa, shin baƙin ciki kaɗai na ji? Ina so in ce e. Ba zan iya rantsewa ba.

Da la'asar muka yi sallama da Kawu. Yaya da motar haya ya zo, don haka babur ɗaya ne tsakaninmu. Muka tsaya a gabansa, kowa na jiran ɗan'uwansa. Sai ya miƙo hannu ya karɓi makullin, ya hau gaba, na hau baya. Hafsa tuƙa shi ake yi, ƙane ma a baya yake zama, saboda haka ba a yi jayayya ba. Muka kama hanyar Gumel, yana kauce wa ramuka a hankali fiye da yadda na san shi da tuƙi.

Inna tana rumfarta muka shiga. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, muka zauna a gabanta, shi a dama ni a hagu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gaisa?"

"Mun gaisa," in ji Yaya.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce a kawo mana abinci.

Yaya ya bar aiki da igiyoyinsa uku bayan 'yan shekaru, ya koma noman riɗi. Ni ma na ajiye kaki, ina koyar da tarihi a wata makaranta. Yanzu ba mai muƙami a cikinmu. Tun daga waccan rana ta gonar Kawu ban sake durƙusa masa ba, a tsaye muke gaisawa, hannu da hannu.